Addini da Mulki a Takardun Kafa Ƙasa: Daga Sakkwato zuwa Yamai

Mai shirin fassara tsarin mulkin Nijar da Hausa domin azuzuwan yaƙi da jahilci, kamar na Ollelewa a ƙasar Damargu, tilas ya san cewa kalmomin da zai yi aiki da su sun girmi Jamhuriya.

A farkon ƙarni na 19, Shehu Usman ɗan Fodiyo ya shimfiɗa ginshiƙan mulki biyar cikin Kitabul Farƙi: hana mulki ga mai nemansa, shawara, barin tsanani, adalci da kyautatawa. A wurinsa shari'a ce tushen iko, sarki kuwa mai riƙon amana ne. Ko da yake da Larabci ya rubuta, da sunayensu na Hausa ya ambaci al'adun da ya soka, irin su jangali da gaisuwa.

Ba kowa ya yarda da hukuncin masu jihadi ba. Shehu Laminu na Barno, wanda Damagaram ke yi wa mubaya'a, ya yi musu da su ta wasiƙu cewa saɓo ba ya mai da Musulmi kafiri. Muhammadu Bello ya adana muhawarar cikin Infaƙul Maisuri a 1812. Damargu kuma ba ta shiga daular Sakkwato ba.

Tsarin mulkin 8 ga Nuwamba 1960 ya ɗauko wata hanya daga Faransa, inda dokar 1905 ta raba coci da gwamnati. Ya danƙa iko ga jama'a, ya kira Jamhuriya da kalmar Faransanci laïque. Masu adawa da ita sun fahimce ta a matsayin rashin addini, har aka janye ta a 1992. Tsarin mulkin 2010, wanda aka dakatar a 2023, ya yi zancen raba addini da gwamnati, amma ya wajabta wa shugaban ƙasa rantsuwa da littafi mai tsarki na addininsa.

Matsalar mai fassara ke nan. Hukuma, adalci, siyasa da al'umma duk daga Larabci suka shigo Hausa ta bakin malamai, kuma manomi ko makiyayi na Damargu da ma'anarsu ta farko yake jin su. Don haka kalma ɗaya ba za ta ɗauki ma'anar laïque ba. Ya fi dacewa a fassara ta da jimla: gwamnati ba ta zaɓar wa kowa addini, ba ta kuma hana kowa nasa.