Daga Zafin Bango Zuwa Wayar Hannu: Waiwaye Kan Gadon Joseph Fourier

A shekarar 1741 wani malami Bakatsine, Muhammad ɗan Muhammad al-Fulani al-Kashinawi, ya rasu a birnin Alƙahira, a gidan Shaihu Hasan al-Jabarti inda yake saukar baƙunci. Masanin hisabi ne da taurari, kuma tun 1732 ya kammala littafinsa kan hatimai, wato jera lambobi cikin gidaje ta yadda kowane layi zai ba da jimilla ɗaya. Shekara 57 bayan rasuwarsa, a 1798, rundunar Napoleon ta mamaye Masar. Ɗan mai masaukin nasa, Abdurrahman al-Jabarti, shi ya rubuta tarihin wannan mamaya. Ya yi Allah wadai da ɓarnar sojojin Faransa, musamman shigarsu masallacin Azhar da dawakai, amma kuma ya leƙa cibiyar binciken da suka kafa a birnin, ya ga littattafai da kayan gwaji, ya yaba da yadda mutanen ke naci a kan karatu. Sakataren wannan cibiya wani matashi ne ɗan shekara 30 mai suna Joseph Fourier.

Na kawo Bakatsinen ne don kada matashin da ke karanta wannan a Kurmin Kogi ko Hunƙuyi ya ɗauka hisabi baƙo ne a gidanmu. Mun taɓa riƙe shi da kyau. Sai dai reshen da Fourier ya dasa ya yi tsawon da kusan duk mai waya a aljihu yana ƙarƙashin inuwarsa yau, ko ya sani ko bai sani ba.

An haifi Fourier a garin Auxerre ranar 21 ga Maris 1768. Ɗan tela ne, kuma kafin ya kai shekara goma ya zama maraya gaba da baya. Ya yi karatu a makarantar soja ta garinsu, juyin juya halin Faransa ya rutsa da shi har aka ɗaure shi a 1794, ya tsira da ƙyar. Bayan dawowarsa daga Masar, Napoleon ya naɗa shi gwamnan lardin Isère a 1802, yana zaune a Grenoble. Aikin ofis ne tsagwaronsa: busar da fadamar Bourgoin, da yanka hanya ta cikin duwatsu zuwa Turin. A ɗan lokacin da ya rage masa ne ya zauna da tambayar da kowace mai girki ta san amsarta da hannu amma babu wanda ya taɓa rubuta ta da lissafi: yaya zafi ke tafiya cikin abu?

Amsar da ya samo tana da sauƙin faɗa. Zafi na gangarowa daga wuri mai zafi zuwa wuri mai sanyi. Saurinsa na ƙaruwa idan bambancin zafin ya yi yawa, yana raguwa idan abin da zai ratsa ya yi kauri, kuma kowane abu da nasa hali: ƙarfe na miƙa shi nan take, laka na jan ƙafa. Daga nan ya gina ma'aunin lissafi da ke faɗin zafin kowane gurbi a kowane lokaci.

Duk wanda ya kwana a ɗakin soro a watan Afrilu ya ga wannan lissafi yana aiki. Da azahar rana na dukan bangon tubali har mutum bai iya jingina da shi daga waje, amma ciki da sanyi-sanyi. Zafin bai ɓace ba, tafiya yake yi cikin lakar a hankali, yana raguwa yayin da yake nutsawa. Sai dare ya yi nisa, iska ta yi sanyi a tsakar gida, sannan abin da ya rage daga zafin azahar ya iso fuskar bango ta ciki. Da hunturu wannan jinkiri alheri ne, domin ɗakin na ɗumi daidai lokacin da ake buƙata. Rufin kwano kuwa ba shi da kaurin da zai jinkirta komai: rana na fitowa ɗaki ya ɗauka, tana faɗuwa ya saki. Fourier ya yi irin wannan lissafi a kan ƙasar da muke takawa. Hawa da saukar zafi na yini guda ba ya wuce ɗan zurfi kaɗan, kimanin rabin mita ya kusan mutuwa. Na shekara kuwa yana nutsawa kusan ninki 19 na wancan, domin zurfin na bin tushen tsawon lokacin, kuma 19 sau 19 ya kusa kwanakin shekara. Ƙasa da haka sai zafin ya tsaya cak, rani da damina. Shi ya sa ruwan rijiya mai zurfi ke yi wa hannu ɗumi da asubahin hunturu, alhali na randar da ta kwana a waje ya yi ƙanƙara-ƙanƙara. Maginanmu na gargajiya sun kai ga kaurin bangon da ya dace ta hanyar gwaji na ɗaruruwan shekaru, kuma ina ganin rashin adalci ne yadda muka yi watsi da iliminsu don kawai siminti da kwano sun fi nuna arziki.

Amma abin da ya ɗaukaka sunan Fourier shi ne dabarar da ya bi wajen warware lissafin. Ya ce kowane irin zane mai hawa da sauka, komai karkacewarsa, ko da yana da kusurwa ko tsalle, ana iya tsinka shi zuwa tarin igiyoyi masu santsi, kowace da tsawonta da ƙarfinta. Idan an san abin da zai faru da kowace igiya ita kaɗai, sai a sake haɗa su a sami amsar duka. Kunnen ɗan Adam na yin makamancin haka kullum: algaita da sarewa za su iya busa murya ɗaya, amma ba mai rikita su, domin ƙananan igiyoyin da ke tafe da babbar sun sha bamban.

Da ya gabatar da wannan ga Cibiyar Kimiyya ta Faransa a watan Disamba 1807, manya ba su gamsu ba. Lagrange, wanda ake yi wa kallon uban lissafin zamanin, ya ƙi yarda cewa igiyoyi masu santsi za su iya haɗuwa su ba da kusurwa. Aikin bai fito ba. An sa gasa kan batun zafi, Fourier ya lashe ta a 1812, duk da haka alƙalan suka rubuta cewa hujjojinsa na da giɓi. Sai a 1822 littafinsa kan nazarin zafi ya fito cikakke.

A ganina Lagrange bai yi laifi ba. Fourier ya faɗi abu mai girma kafin a mallaki kayan aikin tabbatar da shi, kuma neman cike wannan giɓi ne ya haifi babban ɓangare na lissafin zamani. A 1829 Dirichlet, wani Bajamushe da ya zauna a Faris ya san Fourier ido da ido, ya fayyace sharuɗɗan da maganar ke tabbata a ƙarƙashinsu. A 1854 Riemann, yana bin wannan tambaya, ya sake bayyana ma'anar tara ƙananan yankuna don samun faɗin abu, bayanin da ɗaliban jami'a ke koyo har gobe. Cantor a shekarun 1870 ya faro ne daga tambayar ko hanya ɗaya ce tak ake iya tsinka zane zuwa igiyoyi, sai ta kai shi ga nazarin tarin abubuwa marasa iyaka, inda ya nuna cewa wani rashin iyakar ya fi wani yawa. Lebesgue ya zo a 1902 da sabuwar hanyar awo, sannan Laurent Schwartz a shekarun 1940 ya faɗaɗa fagen har ya ci lambar Fields a 1950. Tambayar zafi ce ta ja duk wannan ayari.

Masana kimiyyar halittu marasa rai ba su jira an gama gardama ba. Ohm ya kwaikwayi tsarin Fourier a 1827 wajen bayyana tafiyar lantarki cikin waya. Fick ya yi haka a 1855 kan yadda gishiri ke bazuwa cikin ruwa. Kelvin ya yi amfani da shi wajen lissafin wayar tangarahu ta ƙarƙashin teku tsakanin Turai da nahiyar Amurka, daga baya ya ƙera na'urar da ke hasashen cikar teku da janyewarsa ta hanyar haɗa igiyoyi. Shi kansa Fourier, a 1824, ya lissafa cewa da hasken rana kaɗai duniya ta dogara da ta fi haka sanyi, don haka iskar da ke lulluɓe da ita na riƙe wani kaso na zafin. Bai san wace iska ce ke yin aikin ba, wasu ne suka gano daga baya, amma daga nan maganar ɗumamar yanayi ta samo tushe. Fourier ya rasu a Faris ranar 16 ga Mayu 1830.

Matsalar dabararsa ita ce yawan aiki. Tsinka saƙo mai ɗigo miliyan ɗaya ta hanyar kai tsaye na buƙatar lissafi miliyan sau miliyan. A 1965 Cooley da Tukey a Amurka suka wallafa gajeriyar hanya da ta mayar da wannan zuwa kusan miliyan 20, kuma ɗaya daga abin da ya zaburar da aikin shi ne son gano gwajin makaman nukiliya daga girgizar ƙasa. Daga baya aka lura cewa Gauss ya riga su tun wajajen 1805, bai dai wallafa ba. Wannan gajeriyar hanya ce ta sa lissafin Fourier ya shiga cikin kwamfuta, daga nan ya shiga aljihu.

Ɗauki manomin tumatir a ƙasar Ikara da ya ɗauki hoton kwandunansa zai tura wa dillali a kasuwar Mile 12 ta Legas. Wayar na yanka hoton zuwa ƙananan murabba'ai, kowane mai ɗigo takwas a tsaye takwas a kwance. Tana tsinka kowanne zuwa igiyoyin haske da duhu, ta ajiye manyan da ido ke gani, ta zubar da ƙananan da ido ba zai yi kewarsu ba. Hoton ya ragu ninki da yawa, data kaɗan ta isa. Wannan tsari na JPEG an tsayar da shi a 1992, a kan wani reshe na lissafin Fourier da Nasir Ahmed da abokan aikinsa suka wallafa a 1974. Karatun Alƙur'ani da waƙoƙin da ake loda wa mutane a katin waya a ranar kasuwar Maƙarfi, su ma da irin wannan dabara aka matse su. Layin 4G na raba saƙo a kan ɗaruruwan ƙananan igiyoyi, wayar ta sake haɗa su da hanyar Cooley da Tukey. Na'urar MRI da ake tura marasa lafiya manyan asibitoci dominta ba hoto take ɗauka kai tsaye ba, igiyoyi take tarawa, lissafin Fourier ya mayar da su hoton ƙwaƙwalwa ko ƙashin baya.

Abin da ke damuna shi ne wannan gado ya iso mana galibi a matsayin haja, a cikin kwali, mu biya mu karɓa. Alhali an yi mutanenmu da suka riƙe shi a matsayin ilimi. Iya Abubakar, ɗan Belel ta Adamawa, ya yi Kwalejin Barewa a Zariya, ya wuce Ibadan, ya yi digirin digirgir a Kambirij. A 1962 ya wallafa bincike kan yadda igiyoyin girgiza ke warwatsuwa idan suka ci karo da fuska mai gargada, fagen da masu nazarin girgizar ƙasa ke dogaro da shi, kuma wanda harshensa gaba ɗaya na igiyoyin Fourier ne. A wannan shekarar aka buɗe Jami'ar Ahmadu Bello. Ya shugabanci sashen lissafinta, sannan ya zama shugaban jami'ar daga 1975 zuwa 1978.

A ƙetaren iyaka akwai Abdou Moumouni, haifaffen Tasawa ta jihar Maraɗi a 1929, wanda ya yi karatun kimiyya a Faris. Shi kam zafin da kansa ya kama. Ya ga rana ce dukiyar da Nijar ta fi kowa, sai ya ba da rayuwarsa ga sarrafa ta: na'urar ɗumama ruwa, murhun girki, injin da zafin rana ke juyawa. Ya jagoranci hukumar makamashin rana ta Nijar tun daga 1969, ya shugabanci jami'ar Yamai, wadda aka sa wa sunansa bayan rasuwarsa a 1991. Tun a littafinsa na 1964 kan ilimi a Afirka ya dage cewa a koyar da yara da harsunansu, kuma na yarda da shi ɗari bisa ɗari. Yaron da aka fara yi wa bayanin tafiyar zafi da bangon ɗakin kakarsa, da Hausa, ba zai firgita ba ranar da aka rubuta masa ma'aunin a allo.

A Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru yau ana koyar da jerin Fourier ga ɗaliban lissafi da na injiniya, kuma tun 2004 Cibiyar Binciken Makamashi ta jami'ar ke gudanar da ƙaramar tukunyar nukiliya ta bincike, wadda sanyaya ta lissafin zafi ne. Daga can zuwa Kudan ko Maƙarfi ba wata tafiya ba ce. A waɗannan garuruwa na rake, duk rani ana tatsar ruwansa a dafa a manyan kasake har ya yi kauri ya zama mazarƙwaila, kuma duk wanda ya tsaya kusa da murhun zai ji a fuskarsa yawan zafin da ke tserewa ta gefe ba tare da ya taɓa kaskon ba. Tumatirin da ya yi yawa a kasuwa ana yanka shi a shanya a ƙasa, ƙura da raɓa su rage masa daraja. Sababbin azuzuwan bulo da kwano kan yi zafin da yara ba sa iya karatu bayan sha biyun rana. Kowanne daga cikin waɗannan tambaya ce irin wadda gwamnan Isère ya zauna da ita, kuma kowanne ya isa aikin kammala digiri. A wurin masu mazarƙwaila abin da za a auna a fili yake: kaurin kasko, zurfin murhu, yawan makamashin da ake ƙonawa kafin ruwan rake ya kama, da zafin bangon murhun daga ciki zuwa waje. Ma'aunin zafi da littafin rubutu da zaman rani guda tare da masu dafawa sun isa ɗalibi ya fara.