Lasisin Fasahar Ƙwayoyin Halitta: Yadda Ake Samun Kuɗin Shiga da Matsayin Dokar Nijeriya

Takardar haƙƙin ƙirƙira shaida ce da hukuma ke bai wa wanda ya ƙago wata fasaha, wadda ke hana kowa amfani da ita ba da izininsa ba. Mai takardar na iya bai wa kamfani lasisi, ya karɓi kuɗi a dunƙule ko wani kaso daga cinikin da aka yi. Lasisin kan zama na kamfani ɗaya tak ko na kamfanoni da dama.

Fitaccen misali shi ne dabarar haɗa ƙwayoyin halitta ta Stanley Cohen da Herbert Boyer, wadda ta sami rajista a Amurka a 1980. Jami'ar Stanford ta bai wa kamfanoni sama da 400 lasisinta, aka tara fiye da dala miliyan 250 kafin wa'adinta ya cika a 1997.

A Nijeriya, dokar haƙƙin ƙirƙira ta 1970 ta ba da kariyar shekaru 20, amma ta keɓe nau'o'in tsirrai da dabbobi. Dokar kare nau'o'in tsirrai ta 2021 ce ta cike wannan giɓi ta fuskar iri, ta bai wa masana damar cin moriyar abin da suka samar. Wannan ya shafi cibiyoyi irin su Cibiyar Binciken Tafkin Chadi da ke Maiduguri, mai aikin inganta irin alkama da gero.

Ba kowane lasisi ne ake biyan kuɗi a kansa ba. Waken SAMPEA 20-T, wanda Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya ta samar ƙarƙashin jagorancin Farfesa Mohammad Ishiyaku, yana ɗauke da ƙwayar halittar da ke kashe tsutsar Maruca. Kamfanin Monsanto ne ya bayar da ita kyauta ta hannun gidauniyar AATF, kuma hukumomi sun amince da noman waken a 2019.

Saboda haka sharuɗɗan lasisi na da tasiri kai tsaye a kan manomi. Idan aka tsawwala kuɗi, farashin iri zai fi ƙarfinsa. Idan kuma cibiya ba ta sami komai ba, bincikenta zai ci gaba da dogaro da kasafin gwamnati da tallafin ƙasashen waje.