Yazi Dogo da teyatur da ba a rubuta ba

Mu da muka fara teyatur a filin samariya na Dogon Dutsi, ba mu taɓa riƙe takardar wasa a hannu ba. Shugaban ƙungiya zai zauna bisa tabarma ya zayyana labari: ga alhaji mai rowa, ga ɗiyarsa, ga boka, ga inda za a ƙare. Sauran magana tana bakin ɗan wasa. Wannan hanya ita ce ta Yazi Dogo, ɗan ƙasar Arewa da ya yi suna a Damagaram.

Mushen lakwal ne tun asali, kuma koyarwar ba ta bar shi ba ko a bisa dandali. Ƙungiyar teyatur ta gidan rediyon ORTN a Damagaram ita ta kai muryarsa ko'ina ake jin Hausa a Nijar. Bayan da Seyni Kountché ya karɓi mulki a 1974, aka farfaɗo da samariya, gasar matasa ta ƙasa ta zama fagen da kowace jiha ke gwada ƙwanjinta. Da telebijin ta zo, sai fuskar mai muryar da ake ji a rediyo ta bayyana.

Abin da na fi so matasa su gane shi ne wuyar aikin. Wanda bai sani ba yana zaton raha ce kawai. Ina! Ka tsaya gaban jama'a ba rubutu, abokin wasanka ya jefo maka karin magana, dole ka cafe ka mayar nan take, kuma kada ka kauce wa labarin. Ga hukuma na sauraro. Ta bakin wawa ko ɗan ƙauye ake faɗa wa ma'aikacin gwamnati mai cin hanci gaskiya, jama'a su tuntsire da dariya, saƙo ya shige.

Ko siliman Nijar da baki ya fara. Mai shirya fim Jean Rouch ya ɗauki hotunan fim ɗin "Moi, un noir" a Abijan ba tare da muryoyi ba, daga baya Oumarou Ganda, ɗan Nijar, ya zauna yana kallo yana ɗora magana daga kansa. Fim ɗin ya fito a 1958, kuma Ganda ne ya ci babbar kyauta ta farko ta bikin fina-finai na FESPACO a 1972. Ni a wurina shi da Yazi Dogo rijiya guda suka sha.

Wata Ba'amurkiya, Janet Beik, ta bi ƙungiyoyin teyatur ta buga littafi kan teyatur na Hausa a Nijar a 1987. Amma wasan da ba a rubuta ba yana zaune ne cikin kaset da ƙwaƙwalwar dattawa, kuma duka biyun suna tsufa. Ƴan Dutsi da Tibiri masu waya a hannu, ku je wurin tsofaffin ƴan samariya na unguwarku, ku naɗi abin da suke tunawa tun suna da rai.