Jinya da Alhini a Ribaɗin Wurno: Rasuwar Sarkin Musulmi Bello da Waƙoƙin Nana Asma'u

Gabatarwa

Galibin masu nazarin Daular Usmaniyya sun fi mai da hankali ga yaƙe-yaƙe da tsarin mulki. Ba safai ake tsayawa a duba yadda jama'ar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo suka riƙa jinyar marasa lafiyarsu ba, ko yadda suka riƙa raka mai gargara zuwa ƙarshensa, balle yadda suka riƙa rarrashin waɗanda aka bari. A wannan maƙala za a duba al'amarin a ƙasar Wurno da Rabah da Goronyo. Za a nuna cewa shugabannin jihadi sun ɗauki jinya da alhini a matsayin ilmi wanda ake karantarwa, kuma aiki wanda mai yinsa ya cancanci a tuna da shi, ko da talaka ne.

Jama'ar da ta san rashi

Jama'ar Shehu ta sha ɗacin mutuwa tun farkon al'amarinta. A yaƙin Tsuntsuwa na 1804, kusa da Alƙalawa, ta yi hasarar mutum wajen 2,000, a cikinsu akwai mahaddata Alƙur'ani kusan 200. A shekarar 1805 aka sake yin wata babbar hasara a Alwasa. Yunwa da cuta kuma suka bi sawun yaƙi. Ko da aka ci Alƙalawa a 1808, ƙasar Gulbin Rima ta cika da zawarawa da marayu daga ɓangarorin biyu.

Mata da yawa daga Gobir sun shigo gidajen jama'a da abin da suka gada na neman waraka, watau bori, wanda Inna ta Gobir ke shugabanta. Shehu kuwa ya riga ya yi hani ga wasu al'adun makoki, kamar kururuwa da marin fuska da yage tufafi, a littafinsa Ihya'us Sunna. To, amma hani kaɗai ba ya share hawaye. Tambayar da ta fuskanci magadansa ita ce: me za a bai wa mai ciwo da mai baƙin ciki a madadin abin da aka raba shi da shi?

Bello da ilmin magani

Muhammadu Bello ya zama Sarkin Musulmi a 1817 bayan rasuwar mahaifinsa. Ya kafa ribaɗai domin tsaron iyaka, daga cikinsu akwai Wurno, bisa tudu a gefen fadamar Rima, da Gandi a ƙasar Rabah ta yau, da Shinaka a ƙasar Goronyo. Wurno ce ya zaɓa ta zama mazauninsa a ƙarshen rayuwarsa.

Duk da hidimar mulki, Bello ya wallafa littattafai da dama da Larabci a kan ɗibbu. Ya yi rubutu a kan ciwon ido, da basir, da amfanin filasko wajen wanke ciki, ya kuma tattara abin da aka ruwaito na maganin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Manufarsa ita ce mutane su san cewa neman magani ba ya warware tawakkali, kuma cuta tana da sababi wanda ake iya bincikawa.

Har ila yau, ilmin magani bai tsaya ga littattafai ba. Baturen nan ɗan ƙasar Jamus, Heinrich Barth, wanda Hausawa suka sani da Abdulkarimu, ya kwanta da atuni a Wurno a 1854, zamanin Sarkin Musulmi Aliyu Babba. Ya bayyana cewa abin da ya tashe shi shi ne maganin mutanen gari, watau dakakkiyar shinkafa da nono da 'ya'yan bagaruwa.

Jinyar Bello da rasuwarsa

Bayan yaƙin Gawakuke na 1836, ciwo ya kama Bello, ya yi wata 7 yana jinya a Wurno. Masu tarihi sun kawo abubuwa uku da ya yi a wannan lokaci. Na farko, ya kira ɗansa Aliyu, wanda ya riƙe ribaɗin Shinaka, ya gargaɗe shi kada ya nemi sarauta da ƙarfi. Na biyu, da Waziri Giɗaɗo ɗan Laima ya roƙe shi ya ayyana magaji, sai ya ƙi, ya bar al'amarin ga Allah da masu zaɓe, ya kuma umurci Waziri ya zama na farkon yin mubaya'a ga wanda aka zaɓa. Na uku, ya nemi a rufe shi a Wurno.

Wannan zaɓi na ƙarshe yana da dalili. Kabarin mahaifinsa yana Sakkwato, tafiyar yini ɗaya kawai, kuma da ya so da can aka kai shi. Amma akwai hadisin da ke nuna cewa wanda ya mutu yana zaman ribaɗi ladan aikinsa ba ya yankewa. Bello ya so ya cika a bakin aikin da ya ɗora wa wasu. Ya rasu ranar Alhamis, 26 ga Oktoba, 1837, cikin watan Rajab na 1253, yana da shekara 58 a lissafin hijira. Ɗan'uwansa Abubakar Atiku ya gaje shi. Aliyu kuwa ya yi haƙuri har 1842, sa'an nan sarautar ta zo masa.

Abin lura a nan shi ne, doguwar jinya ta ba majinyaci damar kashe wutar gardama tun kafin ta kama. Waɗanda ke kewaye da shi ba su ɓoye masa halin da yake ciki ba, shi ma bai ɓoye musu ba.

Asma'u da waƙar alhini

Rasuwar Bello ta girgiza ƙanwarsa Nana Asma'u, matar Waziri Giɗaɗo, wadda aka haifa a 1793. Shi ne malaminta kuma abokin shawararta. Ta yi masa marsiyya da Larabci a shekarar da ya rasu, inda ta kwatanta kanta da wanda ya ɓace a daji. A 1838 ta sake wata waƙa da Fillanci mai suna Gikku Bello, ta jera halayensa ɗaya bayan ɗaya domin na baya su yi koyi. A 1839 kuma ta wallafa Tabshirul Ikhwan, inda ta tattara falalar surorin Alƙur'ani ga mai ciwo, da mai naƙuda, da mai firgita, da wanda damuwa ta yi wa yawa.

Tsarin waƙoƙinta na alhini kusan ɗaya ne. Takan fara da godiya ga Allah da salati, sa'an nan ta faɗi zafin da take ji ba tare da kunya ba, domin shari'a ba ta hana zubar da hawaye ba. Daga nan sai ta ambaci kyawawan ayyukan mamacin, ta rufe da addu'a da fatan saduwa a Aljanna. Ta haka baƙin ciki ya sami hanyar fita wadda ba ta saɓa wa koyarwar Shehu ba. Irin wannan ta yi wa aminiyarta A'ishatu 'yar Umaru Alkammu, matar Bello, a 1855.

Babban abin da ya bambanta ta da sauran mawaƙan zamaninta shi ne waɗanda ta zaɓa ta yi wa waƙa. A 1844 ta yi Alhinin Mutuwar Halima, domin wata maƙwabciyarta mai sada zumunci da sasanta mutane. A 1857 ta yi wa Zaharatu, wadda ba ta da wata sarauta. Aikin Zaharatu shi ne karɓar haihuwa, da wankan gawa, da karantar da mata, kuma duk lokacin da aka kira ta takan amsa. A 1858 ta yi wa Hauwa'u, ɗaya daga cikin jajis ɗinta, wadda ta shekara da shekaru tana jagorancin mata zuwa karatu. Ba don waɗannan waƙoƙi ba, da sunayensu sun bi ƙasa tare da su.

'Yan taru da aikin jinya

Jaji ita ce shugabar ayarin 'yan taru, watau matan ƙauye da ke zuwa wurin Asma'u ɗaukar karatu. Asma'u kan naɗa mata malfa, ita kuma ta koma da waƙoƙin ta karantar da su a garinsu. Ta wannan hanya hukunce-hukuncen jinya da jana'iza suka shiga ɗakunan da malami namiji ba ya shiga: laƙƙana wa mai gargara kalmar shahada cikin taushi, da fuskantar da shi alƙibla, da wanka da ganyen magarya, da suturta gawa, da takabar wata 4 da kwana 10 ga wadda mijinta ya rasu. Bayan rasuwar Asma'u a 1864, ƙanwarta Maryamu ta ci gaba da riƙon wannan tsari.

Kammalawa

Hubbaren Bello yana nan a Wurno, masu ziyara na zuwa daga nesa. Zuriyarsa ta yaɗu a ƙasar, har da gidan sarautar Rabah, inda aka haifi Sardauna Ahmadu Bello. Amma gadon Zaharatu ba shi da hubbare. Yana hannun tsofaffin matan da ake tasa da tsakar dare a ƙauyukan Rima idan naƙuda ta zo, ko numfashi ya fara sarƙewa. Asibiti ya zo da allura da ƙarin ruwa, amma har yanzu mafi yawan mutanen karkara a gida suke cikawa, a hannun irin waɗannan mata. Ya kamata masu nazarin harshe da al'adu su tattara abin da suka sani na addu'o'i da kalmomin rarrashi da ladubban zama da majinyaci tun suna raye, su kuma rubuta sunayensu kamar yadda Asma'u ta rubuta na magabatansu.