Yajin Aikin Sakunde na 1961: Gardamar Gurguzu da Jari-Hujja a Ghana

A ƙarnin da ya wuce an daɗe ana gardama a duniya a kan wanda ya kamata ya riƙe dukiyar ƙasa. Waɗansu suka ce a bar kowa ya juya kuɗinsa yadda ya ga dama, mai jari ya kafa masaƙa ko ya haƙa ma'adinai, ya ɗauki ma'aikata ya biya su lada, ribar da ta fito tasa ce. Wannan shi Hausawa su ke kira jari-hujja, watau jarin mutum shi ne hujjarsa. Waɗansu kuwa suka ce manyan hanyoyin samun dukiya na jama'a ne duka, sai gwamnati ta riƙe su a madadinsu. Wannan shi ne gurguzu. Ana faɗin kalmar ga abin da jama'a suka yi a haɗe gaba ɗaya. To, akwai wata tambaya da ta ke fitowa daga cikin gardamar. In gwamnati ta ce ita ta ma'aikata ce, ashe ma'aikata suna da sauran ikon yi mata yaji? A Ghana wannan tambaya ta taso a fili cikin watan Satumba na 1961, a garin Sakunde da Takoradi.

Sakunde, wadda Turawa su ke rubutawa Sekondi, tana bakin teku ne yamma da Ankara. Daga nan aka fara shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa a 1898, zamanin da a ke kiran ƙasar Gwalkwas. Hanyar ta isa Tarkwa, inda a ke haƙar zinariya, a 1901, ta isa Kumasi a 1903. A 1928 aka buɗe tashar jirgin ruwa ta Takoradi, garuruwan biyu suka zama kamar gari ɗaya. Koko da katako da ma'adinai duk ta nan su ke fita zuwa Turai. Saboda haka ma'aikata suka taru a wurin, da direbobin jirgi, da maƙera, da kafintoci, da akawuna, da leburorin tasha. Gwanayen aikin hannu galibinsu mutanen bakin teku ne. Leburori kuwa da yawansu daga arewa suka gangaro, suka sauka a zango, inda Hausa ce harshen da ya haɗa kowa. Mutanen reluwe sun san ƙarfinsu sarai, gama in suka ɗaga hannu daga aiki ba buhun koko ɗaya da zai kai bakin jirgin ruwa.

Da ƙarfin nan nasu suka taimaki Kwame Nkrumah tun farko. Ya kafa jam'iyyarsa ta C.P.P. a watan Yuni na 1949, yana neman mulkin kai nan take. A watan Janairu na 1950 Haɗaɗɗiyar Ƙungiyar Ƙwadago, watau T.U.C., ta kira yajin aiki na ƙasa duka, Nkrumah kuma ya yi shelar a daina ba mulkin Ingila haɗin kai. Cikin waɗanda suka fi tura al'amarin gaba akwai Pobee Biney, wani direban jirgin ƙasa na Sakunde, da Anthony Woode. Gwamna Arden-Clarke ya kafa dokar ta-ɓaci, aka kama shugabanni, aka ɗaure Nkrumah a kurkukun James Fort, ma'aikata da yawa suka rasa aikinsu. Amma da aka yi zaɓe a watan Fabrairu na 1951 sai C.P.P. ta ci kujeru 34 daga cikin 38 da jama'a suka zaɓa. Aka fito da Nkrumah daga kurkuku aka ba shi shugabancin harkokin gwamnati. Mutanen Sakunde suka riƙa ganin da wahalarsu aka sami wannan nasara.

Ba a daɗe ba saɓani ya fara. Nkrumah yana so ya kwantar wa Ingila hankali don kada ta jinkirta ba da 'yanci, alhali a lokacin nan Turawan yamma ba abin da su ke tsoro kamar kwaminisanci. A 1953 aka dakatar da Woode da Turkson Ocran daga jam'iyya saboda hulɗarsu da ƙungiyar ƙwadago ta duniya mai bin Rasha. A 1954 Nkrumah ya faɗa wa majalisa ba za a ɗauki 'yan kwaminis aiki a waɗansu ma'aikatun gwamnati ba. Shugabancin T.U.C. ya koma hannun John Tettegah, wanda ya ke ɗan jam'iyya ne na sosai.

Ghana ta sami 'yanci ran 6 ga Maris 1957. Shekara ta zagayo, a 1958, aka yi sabuwar dokar ƙwadago. Aka tattara ƙananan ƙungiyoyi masu yawa aka mai da su 24, duka a ƙarƙashin T.U.C. Aka ce kuɗin ƙungiya a riƙa cirewa daga albashi tun kafin ya shiga hannun ma'aikaci. Yajin aiki kuwa aka sa masa sharuɗɗa masu tsawo, har ya zama da ƙyar a ke iya yinsa bisa doka. T.U.C. ta yi arziki, gwamnati ta gina mata babban gida a Ankara, manyanta suka shiga motoci. Nkrumah ya kwatanta jam'iyyarsa da babban itace, ƙungiyar ƙwadago da ta manoma da ta mata su ne rassansa. Mutanen reluwe suka yi ta gunaguni, don a ganinsu an ɗauke musu ƙungiya an kai ta ofis.

Ga hujjar gwamnati. Ta ce Turawa sun bar ƙasa ba masana'antu, ciniki kuwa yana hannun kamfanonin waje irin su U.A.C., waɗanda su ke kwashe riba su kai gida. 'Yan ƙasa masu babban jari kaɗan ne ƙwarai. In ana son hanyoyi da makarantu da asibitoci da wutar lantarki, ba wanda zai iya tara kuɗin sai gwamnati, ba kuwa inda za ta samo shi sai daga manomi da ma'aikaci. Tun da jama'a ce ta zaɓe ta, wanda ya yi mata yaji kansa ya yi wa. Ta kuma yi aiki da gaske. Ta kafa kamfanin jiragen ruwa na Black Star, ta gina sabuwar tasha a Tema, ta yawaita makarantu, daga baya ta buɗe gonakin gwamnati da kantunan gwamnati. Sai dai gurguzun nan bai hana ta neman jarin waje ba. Madatsar ruwa ta Akosombo a kan kogin Volta da rancen Bankin Duniya da Amurka da Ingila aka gina ta, kamfanin Kaiser na Amurka kuma shi ya zama babban mai sayen wutarta a lokacin don narka sanholo a Tema.

'Yan hamayya, watau mutanen J. B. Danquah da K. A. Busia, suka ce wannan hanya ɓata ce. A ganinsu 'yancin mutum yana tare da mallakarsa, in gwamnati ta riƙe kome to ta riƙe wuyan kowa. Babban misalinsu koko ne. Tun 1947 Hukumar Cinikin Koko ita kaɗai ke saye daga manoma ta sayar waje, ita ke yanka farashi. A 1954, sa'ad da koko ya yi tsada ƙwarai a kasuwar duniya, gwamnati ta tsai da farashin manomi a sule 72 kowane kaya mai nauyin laba 60, ta riƙe sauran. Wannan ya fusata manoman Asante, har aka kafa sabuwar jam'iyyar hamayya a Kumasi a shekarar nan.

To, a 1961 kuɗi ya fara yankewa. Farashin koko ya faɗi, ajiyar da Ghana ta gada a London, wajen fam miliyan 200, tana ta raguwa. Ran 8 ga Afrilu da asuba Nkrumah ya yi magana a rediyo, ya tsawata wa manyan jam'iyya masu tara dukiya da sunan siyasa. Talakawa suka ji daɗi, suka zuba ido su ga abin da zai biyo baya. Abin da ya biyo baya shi ne kasafin kuɗi na watan Yuli, wanda aka tsara da shawarar Nicholas Kaldor, wani masanin tattalin arziki na Jami'ar Cambridge. Aka ƙara kuɗin kwastan, aka sa haraji a kan kayan masarufi, aka kuma kawo ajiyar dole. Duk mai albashin da ya wuce fam 120 a shekara za a cire masa kashi 5 cikin 100 a ba shi takardar shaida, sai bayan shekaru a biya shi. Manomin koko kashi 10 a ke cire masa. Mafi ƙanƙantar ladan lebura a lokacin sule 6 da sisi ne a yini, wanda bai cika fam 10 a wata ba, saboda haka ajiyar dole ba ta hau kansa ba. Gwanayen aikin reluwe ta kama. Tsadar kaya kuwa ta kama kowa, da lebura da mai sayar da abinci a kasuwa.

Da aka biya albashin ƙarshen Agusta mutane suka ga an cire. Ran 4 ga Satumba ma'aikatan reluwe da na tashar jirgin ruwa a Sakunde da Takoradi suka ajiye aiki. Nkrumah ba ya ƙasar. Ya tafi doguwar ziyara Rasha da gabashin Turai da Sin, ya kuma halarci taron ƙasashe 'yan ba-ruwanmu a Belgrade. Shugabannin T.U.C. suka ce a koma aiki, ba wanda ya saurare su, gama ƙananan shugabannin rassa su ke riƙe da yajin. Matan kasuwa suka riƙa kai wa masu yaji abinci. Yajin ya taɓa Kumasi da Ankara, amma a can bai daɗe ba. Aka kafa dokar ta-ɓaci a Sakunde da Takoradi, wani minista ya kira masu yaji ɓeraye, wannan kuwa ya ƙara wa wutar itace. Jiragen ruwa suka yi cirko-cirko a tasha ba mai loda su.

Masu yaji ba su fito neman a mai da reluwe hannun 'yan kasuwa ba. Tun farko ta gwamnati ce, tun zamanin Turawa. Da yawansu ma 'yan C.P.P. ne na tun 1949. Abin da su ke cewa shi ne a janye ajiyar dole, kada a taɓa albashin mutum sai an shawarce shi. Suna kuma tambaya, in ɗaure ciki ya wajaba, don me manya su ke gina benaye? Bahaushe ya ce in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Gwamnati ta ce 'yan hamayya ne su ke zuga su da kuɗi don a kifar da ita. Lalle 'yan hamayya sun yi murna da yajin, sun kuma kusanci waɗansu shugabanninsa, amma fushin ma'aikata ya riga zuwansu.

Nkrumah ya komo tsakiyar watan. Da farko ya janye dokar ta-ɓaci ya roƙi a koma aiki, aka ƙi. Sa'an nan ya sake magana a rediyo da kakkausar murya, ya ce wannan yaji na siyasa ne, ya yanka wa'adi. Ran 22 ga Satumba ma'aikata suka koma, bayan kwana 17, ba a janye musu kome ba. Ran 3 ga Oktoba aka kama mutum wajen 50 da dokar tsarewa ta 1958, wadda ta ba gwamnati ikon tsare mutum har shekara 5 ba shari'a. Cikinsu akwai shugabannin yajin, da matan kasuwa, da Danquah, da Joe Appiah. Amma kukan da aka yi kan manya bai tafi a banza ba. Cikin kwanakin nan aka sa waɗansu ministoci su yi murabus, har da K. A. Gbedemah da Kojo Botsio, tsofaffin abokan Nkrumah, aka kuma iyakance yawan gidaje da motocin da ɗan jam'iyya zai mallaka. Ajiyar dole ita ma aka soke ta a 1963, aka ƙara harajin albashi a maimakonta.

Daga nan gwamnati ta ƙara zurfi cikin gurguzu, a 1964 aka mai da ƙasar mai jam'iyya ɗaya. Danquah, wanda aka sake shi aka kuma sake kama shi, ya mutu a kurkukun Nsawam a 1965. A shekarar nan farashin koko ya faɗi warwas, manomi ya koma karɓar sule 40 a kaya, sukari da sabulu da madara suka yi wuya a kantuna. Ran 24 ga Fabrairu 1966, Nkrumah yana kan hanyarsa ta zuwa Hanoi, soja da 'yan sanda suka ƙwace mulki. Ba wani yajin aiki da ya tashi don kare shi.

Waɗanda suka gaje shi suka juya wajen jari-hujja, suka sayar da waɗansu kamfanonin gwamnati, suka rage darajar kuɗi a 1967. Duk da haka ma'aikata ba su sami sakewa ba. Gwamnatin Busia, wadda ta hau a 1969, ita ce ta kori baƙi marasa takarda a ƙarshen shekarar, abin da ya watsa dubban mutanen zango. A 1971 ta kawo nata harajin raya ƙasa a kan albashi, T.U.C. ta yi tsayayya, sai ta yi doka ta rushe T.U.C. ɗungum. Soja suka ture Busia a watan Janairu na 1972, suka mai da ƙungiyar. Daga 1983 kuma gwamnatin Rawlings, wadda ta zo da sunan juyin juya hali na talakawa, ta karɓi sharuɗɗan Asusun Lamuni na Duniya, aka sallami ma'aikatan gwamnati da yawa, aka yi gwanjon kamfanoni.

In aka duba tarihin nan za a ga gwamnatin gurguzu da ta jari-hujja duk abu ɗaya ya matse su, watau kuɗin koko, in ya faɗi sai kowace ta miƙa hannu cikin albashi, ta kuma nemi rufe bakin ƙungiya. Abin da mutanen Sakunde suka tsaya a kai a 1961 shi ne ƙungiya ta zama tasu, ko wa ke mulki. Tsarin mulkin Ghana na 1992 ya ba kowane ma'aikaci ikon kafa ƙungiya ko shiga wadda ya so, dokar ƙwadago ta 2003 kuma ta shimfiɗa hanyar da za a bi kafin a tafi yaji.