Rabon na'urar wasan bidiyo, daga kantunan New York zuwa iyakar Illela

A ranar 12 ga Nuwamba 2020 kamfanin Sony ya fitar da PlayStation 5 a Amurka kan dala 499. A wannan rana iyakar Illela a rufe take, domin tun watan Agustan 2019 gwamnatin Buhari ta garƙame iyakokin tudu, kuma sai 16 ga Disamba 2020 aka buɗe ta tare da Seme da Maigatari da Mfun. Ko da ƙofar a buɗe take, babu kwali ɗaya da aka ware wa garin. Shinkafa da atamfa duk mai kuɗi ya zo ya ɗauka. Sabuwar na'urar wasa kuwa rabonta ake yi, kamfani ne ke yanke wa kowane babban kanti kasonsa. Wannan tsari ya samo asali ne daga wata asara.

A 1983 kasuwar wasannin bidiyo ta durƙushe a Amurka. Kantuna sun cika da kaset ɗin wasa marasa inganci, masu saye suka ja da baya, kaya suka yi kwantai, har kamfanin Atari ya kwashi nasa ya binne a juji a Alamogordo. 'Yan kasuwa suka yi rantsuwar ba su ƙara taɓa wannan haja. Da Nintendo na ƙasar Japan ya zo gwada na'urarsa NES a New York a ƙarshen 1985, sai da ya yi lallashi: ma'aikatansa ne za su jera kayan, mai kanti ba zai biya ko sisi ba sai bayan kwana 90, abin da bai shiga ba kuma kamfani ya karɓi abinsa. Duk wanda ya san Kantin Kwari ya san wannan ciniki, inda maigida ke ba yaronsa kaya a kan amana, in ya sayar ya kawo kuɗi. Bambancin kawai, a nan maƙerin ne ke roƙon a karɓa.

Cikin shekara uku reshe ya juye da mujiya. Na'urar ta karɓu, Nintendo ya riƙa sakin kaya ƙasa da abin da aka nema, manyan kantuna irin su Toys "R" Us suka koma masu jiran kaso. Daga nan matsayin kanti a layi ya zama dukiya. A watan Mayun 1995 kamfanin Sega ya yi gaggawar fitar da Saturn kan dala 399, ya ba wasu zaɓaɓɓun kantuna ya tsallake saura. KB Toys, wanda aka tsallake, ya fusata ya daina ɗaukar kayan Sega. A wurin taron da aka sanar da hakan ne Sony ya bayyana cewa tasa PlayStation dala 299 ce, kuma Saturn ba ta farfaɗo ba a Amurka.

Abin mamaki, ribar kanti a jikin na'urar ƙalilan ce, shi kansa maƙerin sau da yawa da asara yake sayar da ita a farko. Kuɗin yana cikin wasanni da abin riƙewa na biyu da sauran tarkace, shi ya sa kantuna ke son haɗa su a dunƙule. Na'urar tarko ce ta jawo mai saye cikin kanti. A 2020, ga annobar korona ga ƙarancin ƙwayoyin lantarki, Sony ya ce ranar fitowa ta intanet kaɗai za a sayar. Walmart da Best Buy da Amazon suka riƙa sakin kaya kashi-kashi, suna ƙarewa cikin mintuna, 'yan kan-ta-waye masu manhajar saye ta kai tsaye suna kwashewa suna ninka farashi.

Arewacin Nijeriya ba ta taɓa shiga wannan layi ba. Abin da yaranta suka fara sani shi ne kwaikwayon na'urar Nintendo da ake ƙerawa a Sin, sai PlayStation 2 ta hannu wadda aka yi wa dabara ta karanta faifan kwafi. Ta Amurka an gina ta kan wuta 110 alhali ta gida 230 ce, kuma da yawa sun ƙone a jonawar farko. Sababbi kuwa cikin jakar 'yan kasuwa suke zuwa daga Dubai ko Ingila, su sauka Alaba da Computer Village a Legas ko kasuwannin Kano, sannan su bi hanya zuwa Sakkwato da Illela, inda babban titin A1 da ya taso daga Legas ya ƙare yana fuskantar Birnin Ƙonni. Har shagon PlayStation na intanet ba shi da reshen Nijeriya, sai mutum ya buɗe asusu da sunan wata ƙasa.

Wannan yana nufin hatsarin da Nintendo ya ɗauke wa kantunan New York yana kan ɗan kasuwar nan dungurungum. Da dala yake saye, kuɗi hannu, babu mai karɓar kwantai. Bayan an saki naira a Yunin 2023, dala ta tashi daga wajen naira 460 zuwa sama da 1,500 a Fabrairun 2024, a daidai lokacin da juyin mulkin Nijar ya sake rufe iyakar har zuwa Maris.

Shi ya sa a garuruwa irin Illela ainihin kantin na'urar shi ne gidan gem: ɗaki guda, talabijin, benci da janareta. Mai gidan yakan sayi na'ura ɗaya ko biyu, galibi ta hannu, ya mayar da kuɗinsa daga hannun samarin da ke biyan kuɗin wasan ƙwallo ɗaya-ɗaya, bayan ya cire na fetur.