Yadda Aka Gano Tushen Cutar Alaji a Cikin Garkuwar Jiki

Alaji, wanda wasu alamunsa Hausawa ke kira borin jini, yana faruwa ne idan garkuwar jiki ta ɗauki abin da ba ya cutarwa a matsayin abokin gaba: ƙurar furanni, gyaɗa, kifi, ko wani magani. Sai a ga atishawa da ƙaiƙayi da kumburi, wani lokaci numfashi ya sarƙe. An daɗe da sanin alamun, amma gano musabbabinsu ya ci fiye da shekara ɗari.

A 1873 wani likita a Manchesta ta Ingila, Charles Blackley, ya goga ƙurar furanni a fatarsa da hancinsa, ya nuna ita ce ke jawo murar da ke addabarsa duk lokacin da ciyawa ta yi fure. Abin da bai iya bayyanawa ba shi ne dalilin da ƙurar ke damun wani ta ƙyale wani. A 1890, a Balin, Emil von Behring da Kitasato Shibasaburo suka gano cewa ruwan jinin dabbar da ta taɓa haɗuwa da guba yana ɗauke da sinadaran kariya, waɗanda ake kira antibodi. Masana suka ɗauka alheri kaɗai ke cikinsu. Shekara 12 bayan haka Faransawa biyu, Charles Richet da Paul Portier, suka yi wa karnuka allurar dafin wata halittar teku don su ba su rigakafi. Da aka sake musu ɗan kaɗan bayan makonni, sai wasu suka mutu nan take. A 1906 likitan yara a Biyana, Clemens von Pirquet, ya lura da irin wannan a yaran da aka yi wa allurar ruwan jinin doki karo na biyu, ya ce garkuwar da ke kare jiki ita ce kuma ke cutar da shi.

Gwajin da ya fi ɗaukar hankali an yi shi a 1921. Heinz Küstner ba ya jituwa da dafaffen kifi. Abokin aikinsa Carl Prausnitz ya sa aka zuba masa ɗan ruwan jinin Küstner a ƙarƙashin fata, washegari aka sa ruwan kifi a daidai wurin, wurin ya yi ja ya kumbura. Ashe akwai wani abu a jini da ke ɗauke da cutar. Shekara 45 ana nemansa, domin adadinsa a jini bai taka kara ya karya ba idan aka gwada shi da sauran antibodi. Sai a 1966 wasu ma'aurata 'yan Japan da ke aiki a Denba ta Amurka, Kimishige da Teruko Ishizaka, suka ware shi. A Uppsala ta Suwidin, Gunnar Johansson da Hans Bennich sun same shi da yawa a jinin wani mai cutar dajin ɓargo. A 1968 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da sunan IgE. A shekarar ne kuma aka gano cewa yaran Habasha masu tsutsar ciki suna da shi sosai, abin da ya sa masana ke zaton asalin aikinsa yaƙi da tsutsa ne.

Su kuwa ƙwayoyin da ke ƙera antibodi, Astrid Fagraeus ta Suwidin ta nuna su a 1948, sannan binciken Max Cooper a kan kaji a 1965 ya tabbatar da cewa zuri'a ce ta musamman a cikin fararen ƙwayoyin jini, wato ƙwayoyin B. IgE ɗin da suka ƙera yana manne wa wasu ƙwayoyin da ke fata da hanci da huhu da hanji. Da zarar gyaɗa ko ƙura ta taɓa shi, sai ƙwayoyin su amayar da sinadarin histamin, alamun su biyo baya.

Tambaya mafi wuya ita ce yadda jiki ke ƙera antibodi iri-iri marasa iyaka. A 1976 Susumu Tonegawa ya nuna cewa kowace ƙwayar B tana yanka ƙwayoyin gadonta ta sake haɗa su, aikin da ya kai shi ga kyautar Nobel a 1987. Bayan haka, idan ƙwayar ta haɗu da abin da ta gane a cikin kaluluwa, tana jawo wa kanta sauye-sauye da gangan, waɗanda suka fi iya kamu su ne ke rayuwa, kamar maƙerin da ke ta goge makulli har ya dace da kwaɗo. A 1999 ɗakin binciken Tasuku Honjo a Kiyoto ya gano sinadarin AID, wanda ke haddasa waɗannan sauye-sauye, kuma shi ne ke ba ƙwayar damar komawa ƙera IgE. A 2018 masana a jami'ar Stanford suka ware ƙwayoyin B masu IgE ɗaya bayan ɗaya daga jinin masu alajin abinci, suka ga antibodinsu cike da irin wannan sauyi, suna kama furotin ɗin gyaɗa da ƙarfin gaske. Wannan sauyi ba a gadonsa, a jikin mutum yake aukuwa.

Akwai kuma wanda ake gada. Tun 1916 Robert Cooke ya nuna cewa alaji na bin dangi. A 2006 masana a Dandi ta Sikotilan suka gano cewa lahani a ƙwayar gadon filaggrin, mai ƙarfafa fata, yana buɗe wa baƙin abubuwa ƙofa, ya kai ga ciwon fata mai ƙaiƙayi, sau da yawa har da asma. Gado dai yana ƙara haɗari ne kawai, domin ko tagwaye masu kama ɗaya, wani na iya kamuwa ɗan'uwansa ya tsira.

Wannan ilimi ya kai ga magani. A 2003 Amurka ta amince da omalizumab, allurar da ke ɗaure IgE kafin ya manne wa ƙwayoyin da ke amayar da histamin, domin masu asma mai tsanani, a 2024 kuma ta faɗaɗa amfani da ita zuwa alajin abinci.